Na'ura a Cikin Jikin Ɗan Adam: Ina Aka Dosa, Ina Kuma Rabonmu?

(Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)

 

An ɗora mini nauyin in yi magana a kan na'urorin da ake dasawa a cikin jikin ɗan Adam da kuma makomarsu. Na san da jin wannan kai wasunku za su ce ai wannan zancen Turai ne, me ya haɗa shi da mai su a tafkin Kainji ko mai noman albasa a Yauri? To, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, wannan fasaha ta riga ta iso gidajenmu, tana cikin idanun wasu daga cikin iyayenmu da ƙasusuwan wasu ƙannenmu. Kuma tarihinta ya nuna abin da ke sa ta isa ga talaka: araha, da hannun da ya ƙware, da kulawa bayan an yi aiki. Duk na'urar da ta rasa waɗannan, komai kyanta, a jarida kawai za mu riƙa ganin ta.

Abin da jiki ke karɓa

Malamanmu na kimiyya sun koya mana cewa jiki yana da dakarunsa masu yaƙar duk wani baƙon abu da ya shigo. Ƙaya ta soki ƙafa, wurin ya kumbura, ya yi ruwa, har sai jiki ya fitar da ita. Saboda haka matsalar farko ta masu dashe ita ce samun abin da jiki zai yarda ya zauna da shi lafiya.

Wannan matsala tsohuwa ce. Ɗaliban hadisi sun san labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Likitocin yau za su gaya muku cewa zinariya ba ta tsatsa, ba ta kuma cin nama. A zamaninmu ƙarfen da ake kira titaniyom, da wani nau'in baƙin ƙarfe marar tsatsa, su ne suka gaji wannan matsayi. Da su ake ƙera farantai da ƙusoshin da ake ɗaure karaya a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Duk wanda ya ga yadda haɗarin babur ke karya samari a hanyoyinmu ya san cewa masu yawo da ƙarfe a cinya sun fi yadda ake zato yawa. Haka nan mata da dama suna ɗauke da ɗan sandan robar nan na tazarar haihuwa a ƙarƙashin fatar damtse, wanda ke sakin magani kaɗan-kaɗan har shekara 3 zuwa 5. Duk wannan dashe ne.

Darasin gilashin ido

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ido. A cikin idon kowa akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda ke tattara haske. Idan shekaru suka ja, sai ya yi hazo, ya yi fari, gani ya dushe. Wannan ita ce yanar ido. A da, in likita ya cire madubin da ya lalace, sai ya ba mutum tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da tabarau ya karye ko ya faɗa ruwa, makanta ta dawo.

Wanda ya sauya wannan wani likitan Ingila ne mai suna Harold Ridley, kuma labarinsa ya biyo ta Afirka ta Yamma. A lokacin yaƙin duniya na biyu an turo shi Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda ya yi tattaki har garin Funsi a arewacin ƙasar don ya duba idanun masu fama da makantar kogi. Wannan ita ce cutar da baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa, wadda kakanninmu na bakin Kwara suka sani tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968. A 1945 ya wallafa bincikensa a kanta. Shi dai wannan likita ya lura da wani abu a idanun matuƙan jiragen yaƙi: ɓarɓashin robar murfin jirgi da ya shige musu ido yakan zauna shiru, ido bai kumbura ba, bai fitar da shi ba. Sai ya ce, ashe ana iya yin madubi da wannan roba. A ranar 29 ga Nuwamba, 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya yi aikin farko na sa gilashin roba a cikin idon mutum.

Abokan aikinsa sun yi masa ca, suka ce ganganci ne a bar baƙon abu a cikin ido. An shafe shekaru masu yawa kafin a yarda da shi, sai a shekarar 2000, yana da shekara 93, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma. Amma ko bayan an yarda, gilashin ya tsaya a ƙasashen masu kuɗi, domin guda ɗaya yana kaiwa kimanin dala 100. A 1992 asibitin ido na Aravind da ke Madurai a Indiya ya kafa masana'antarsa mai suna Aurolab, farashi ya faɗo ƙasa da dala 10. A tsakiyar shekarun 1990 gidauniyar Fred Hollows ta buɗe irin wannan masana'anta a Asmara ta Eritiriya da Katmandu ta Nefal. Ku lura, jama'a: fiye da shekara 40 ke tsakanin ƙirƙira da araha. Sai da araha ta samu, aka kuma horar da likitoci a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano, sannan gilashin Ridley ya shiga idon manomi. A yau aikin ba ya cin rabin awa, ba a sa mutum barci, washegari a buɗe bandeji ya ga jikokinsa.

To, an gama ke nan? Ina! Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta. Wani abin tashin hankali, a cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, fiye da 4 cikin kowane 10 masu sukar ido na gargajiya ne suka taɓa su, wato waɗanda ke tura madubin da tsinke ya faɗa cikin ido. Mafi yawan waɗannan idanu an same su a makance. Kuma wannan hanya tun kusan shekara dubu da suka wuce wani likitan Musulmi, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil, ya nemi wadda ta fi ta, ya ƙera allura mai rami don zuƙe yanar.

Ku dubi abin da wannan ke nufi a gidan masunci. Dattijo ya daina ganin idon taru balle ya ɗinke shi, ya daina shiga jirgi. Sai a cire yaro daga makaranta a mai da shi ɗan jagora. Makanta ɗaya ta zaunar da mutum biyu, alhali maganinta ɗan gilashi ne da bai kai ƙwayar wake ba. Sai dai a sani, gilashin yana maganin yana ne kawai. Idon da makantar kogi ko hawan jinin ido ya kashe wa jijiya ba ya dawowa da shi. Ita makantar kogi ƙwayar Mectizan ce ta karya lagonta, wadda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987, har ta kai a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar.

Zuciya da kunne

Gilashin ido ba ya bukatar wuta. Na'urorin da ke biye da shi kuwa da batir suke aiki, kuma a nan ne lamari ya fara nauyi.

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Akwai ciwon da ke toshe hanyar saƙon lantarkin zuciya, bugu ya sauko 30 ko 40, mutum ya riƙa jiri yana faɗuwa sumamme. Sau da yawa a ƙauye sai a ce iska ce ko farfaɗiya. A 1958, a birnin Stockholm na Suwidin, likita Ake Senning ya dasa wa wani mutum mai suna Arne Larsson na'urar daidaita bugun zuciya ta farko. Cikin 'yan awoyi ta mutu, aka sa wata. Larsson ya rayu har 2001, an sauya masa na'ura fiye da sau 20, ya ma riga ya binne likitan da ya yi masa aikin. A 2016 Amurka ta amince da wata 'yar ƙarama mai suna Micra, mai nauyin giram 2, wadda ake turawa ta jijiyar cinya har cikin zuciya ba tare da waya ba. Batirin irin waɗannan na'urori yakan yi kimanin shekara 10. Wato duk wanda aka sa wa ya ƙulla zumunci da asibiti har ƙarshen ransa.

Sai kunne. Da yawanmu muna tuna annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda suka tashi kurame, domin sanƙarau yana lalata dodon kunne na can ciki. Tun a ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a Biyana ta Ostiriya da Melbon ta Ostareliya suka fara dasa na'urar da ke tsallake wurin da ya lalace, ta aika saƙon lantarki kai tsaye zuwa jijiyar ji. Yanzu an dasa fiye da miliyan ɗaya a duniya. Amma kuɗinta dubban daloli ne, akwai ɓangaren waje mai cin batir kullum, kuma yaron yana bukatar shekaru na koyon magana a hannun gwani. Idan sanƙarau ne sanadi, tilas a yi aikin da wuri, kafin ƙashi ya cike dodon kunnen. A nan ne karin maganar nan ta rigakafi ya fi magani take da lissafi: a 2024 Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 na ƙwayar sanƙarau, kuma kuɗin na'ura ɗaya zai yi wa yara masu ɗimbin yawa allura.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu. Na'urar ji ta yanzu ba ta cika rarrabe hawa da saukar murya ba, kuma masu bincike sun ga wahalar hakan ga masu magana da Sinanci. Mu ma harshenmu mai karin sauti ne. Kuka na hawaye da kuka ta miya, sautin ƙarshe kaɗai ya raba su. Gunganci da Kambarci ma haka suke. Wa zai auna yadda na'urar ke aiki a kunnen yaronmu in ba 'ya'yanmu sun shiga wannan fanni ba?

Abin da ke tafe

Inda aka fi zuba ido yanzu shi ne ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki suke magana da juna. In aka dasa siraran wayoyi a ɓangaren da ke ba gaɓoɓi umurni, kwamfuta tana iya koyon fassara abin da mutum ya yi niyya. A 2004 a Amurka aka fara gwajin BrainGate, wani saurayi da ya shanye daga wuya zuwa ƙasa ya motsa alamar kwamfuta da tunani. A 2023 masu bincike a jami'o'i biyu na Kalifoniya suka ba da rahoton mata biyu da suka rasa magana, na'ura ta mai da yunƙurinsu rubutu, ɗaya kalma 62 a minti, ɗaya 78. A wannan shekarar dai, a Lozan ta Suwizalan, aka haɗa ƙwaƙwalwar wani mutumin Holan da lakarsa ta hanyar na'ura, ya miƙe ya taka. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink na Elon Musk ya yi dashensa na farko a kan mutum, kuma mutumin ya riƙa wasan dara na Turawa a kwamfuta ba tare da hannu ba.

Waɗannan abubuwa gaskiya ne, kuma ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko wanda haɗari ya karya wa ƙashin baya, bushara ce. Amma har yanzu gwaji ne a kan mutane ƙalilan. Wayoyin sukan goce, jiki yakan naɗe su da tabo saƙo ya raunana, kuma duk buɗe ƙoƙon kai yana da haɗarin shigar ƙwayar cuta. Zancen zuba wa mutum ilimi a ka kamar yadda ake zuba waƙoƙi a waya, babu wanda ya yi shi. Ɗalibanmu na yanzu da ke zaune a baya can su ci gaba da karatu, babu na'urar da za ta ci musu jarrabawa.

Tambayoyi kafin a miƙa jiki

Ga wani labari da ya kamata kowa ya riƙe. A 2013 Amurka ta amince da na'urar Argus II, wadda ake dasawa a bayan ido don masu wata irin makanta ta gado su ga ɗan haske da inuwa. Kuɗinta ya kai kimanin dala 150,000, aka sa wa mutum kusan 350. A 2019 kamfanin ya daina yin ta, a 2020 ya sallami mafi yawan ma'aikatansa. Aka bar mutane da na'ura a cikin ido, in ta lalace babu kayan gyara. Dukkanmu mun san injin ban ruwa ko janareto da aka jingine saboda an rasa ɗan ƙarfe guda. Shi inji a jingine shi a zaure, amma wanda ke cikin ƙirji fa?

Saboda haka duk wanda aka ce za a sa wa wani abu a jiki, shi ko nasa, ya yi waɗannan tambayoyi ba tare da jin kunya ba. Mene ne sunan abin, wane kamfani ya yi shi? Shekara nawa zai yi? In ya lalace wa zai gyara, a wane gari, nawa ne kuɗin? Yana bukatar caji, alhali mun san halin wutarmu, mu da muke kwana kusa da madatsar da ke haska wasu? Za a iya cire shi? Sannan a karɓi katin da ke ɗauke da lambar na'urar, a adana shi kamar takardar gona, domin akwai na'urar ɗaukar hoton jiki mai maganaɗisu wadda ba a shigar da mai ƙarfe ko mai batir cikinta sai an san irin abin da ke jikinsa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce: magani ne tabbatacce ko gwaji? Arewa ta ɗanɗana wannan. A lokacin sanƙarau na 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a cikin yara kimanin 200, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da ya biyo baya yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, yara suka shanye a banza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A lokacin korona ma an yaɗa cewa akwai na'urar bin sawu a cikin allura, abin da ba shi da tushe, domin na'urar da za ta aika saƙo nesa tana bukatar batir da eriya waɗanda ba za su bi ta bakin allura ba. Aikin mai ilimi shi ne ya tsaya tsakani, ya hana a cuci jama'arsa, ya kuma hana jita-jita ta raba su da alheri.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ya 'yan'uwa, ba mu da masana'anta, ba mu da asibitin koyarwa a bakin tafki. Amma muna da abin da ya fi ƙarfin raini: a kusan kowane ƙauye daga Shanga zuwa Ngaski akwai wanda ya zauna a ajin wannan makaranta. Ina ba da shawara uku.

Ta farko, kowane reshe na ƙungiyarmu ya ƙidaya tsofaffin unguwarsa masu farin ido, ya rubuta sunayensu, ya kai su a duba. Ƙungiyoyi irin su Sightsavers sun daɗe suna aiki da Jihar Kebbi a kan lafiyar ido, kuma akwai likitocin ido a Birnin Kebbi da Sakkwato. Sau da yawa abin da ke hana dattijo zuwa bai wuce kuɗin mota da ɗan rakiya da tsoro ba. Wanda aka yi wa aiki ya warke, a kai shi ya yi wa tsaransa bayani da bakinsa, domin gani ya kori ji. A kuma tabbatar ya koma asibiti ranar da aka ce ya koma, ya ɗiga maganinsa, ya nisanci sa wani abu a idon.

Ta biyu, asusun tallafinmu ya ware gurbi ga yaro ko yarinya da za su karanci jinyar ido, ko gwajin ji, ko injiniyancin kayan asibiti. Kowa yana son ɗansa ya zama likita, amma likita ba ya aiki in na'urar haska ido ta mutu babu mai tashinta.

Ta uku ta malamanmu ce. Ku da kuka zana mana ido da zuciya a allo da alli mai launi, ku gaya wa 'yan bayanmu cewa mutumin da ya ƙirƙiro gilashin ido ya taɓa zama a ƙauyen Afirka yana duba makafi, kuma masana'antar da ta karya farashinsa a ƙasa mai tasowa irin tamu take. Abin da Indiya da Eritiriya suka yi bai gagari Nijeriya ba.

Kammalawa

Na'urar ƙwaƙwalwa za ta iso, kamar yadda wayar hannu ta iso bayan an ce ta masu kuɗi ce. Ko za ta zo a matsayin rahama ko a matsayin kayan da aka jibge mana babu mai gyara, wannan ya danganta da irin mutanen da muka tanada. Ma'aunin yana gabanmu tun yau: al'ummar da ta iya kai ɗan gilashi mai araha cikin idon kowane tsohon da ke bukatarsa, ta kuma bi shi har ya warke, ita ce za ta iya riƙe abin da ya fi shi wuya.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikinsu da cikin abokan karatunmu, ya ƙara mana lafiya da zumunci.